Yadda Za Ku Ƙirga Mutanen Ƙauyenku da Kanku

Wata rana ana zaune a ƙofar gidan dagacin garinmu, sai ga ma'aikaciyar lafiya ta zo da takardunta tana son sanin yawan yaran da ba su kai shekara biyar ba, domin a ware musu maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro da ake rabawa da damina. Dagaci ya dubi mai unguwa, mai unguwa ya dubi liman. Wani ya ce za su kai ɗari biyu, wani ya ce haba, sun fi ɗari huɗu. Ta rubuta abin da ta ga ya fi kusa da hankali ta tafi. Da aka zo rabo, magani ya ƙare tun ba a shiga unguwar gabas ba. Abin ya tsaya mini a rai, domin babu wanda ya yi ƙarya a wurin, kuma babu wanda ya yi mugunta. Ba mu san yawan kanmu ba ne kawai.

Ƙidayar ƙasa ta ƙarshe da aka yi a Najeriya ita ce ta watan Maris na 2006, wadda ta ba da mutum miliyan 140 da 'yan kai. An shirya wata a 2023, aka ɗage ta. A Nijar an yi ƙidaya a 2012, aka samu mutum miliyan 17 da ɗoriya. Yaron da aka haifa lokacin ƙidayar 2006 yau ya isa aure. Duk alƙalumman da ake aiki da su a kan ƙananan garuruwa tun daga lokacin hasashe ne: a ɗauki tsohon adadi, a ɗora masa kashi uku da ɗigo biyu cikin ɗari kowace shekara. Wannan lissafi yana iya yi wa jiha guda amfani, amma ƙauye ɗaya ba ya tafiya a kan wannan layi. Wani garin ya ninka saboda 'yan gudun hijira sun sauka a cikinsa, wani kuma rabin mutanensa sun watse. Don haka nake ganin duk ƙauyen da ke da mutum goma masu iya rubutu ya kamata ya ƙirga kansa. Aiki ne na mako biyu zuwa uku, kuɗinsa bai wuce na littattafai da biro da alli da abincin masu aiki ba.

Fara daga ƙofar manya

Kada ka sayi ko littafi ɗaya kafin ka je gaban dagaci. Ka tafi da dattijo ɗaya ko biyu da ake jin maganarsu, ka faɗi buƙatarka a fili: "Ranka ya daɗe, so muke mu san yawanmu, don idan an zo rabon magani ko gidan sauro, ko za mu nemi ƙarin aji da rijiya, mu tafi da hujja a hannu." Idan ya amince, shi zai tara masu unguwanni, shi kuma zai sanar da hakimi. Yana da kyau a sanar da kansilan mazaɓa da ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa na ƙaramar hukuma, a bayyana musu cewa wannan lissafin cikin gida ne na al'umma, ba ya maye gurbin ƙidayar gwamnati. Bayan haka sai limamai su yi sanarwa a masallatai, musamman ranar Juma'a, sanƙira ko mai shela ya zaga gari.

Akwai dalilin da ya sa na ce a bi wannan hanya a hankali. Tsofaffinmu sun san ƙidaya ne ta fuskar haraji da jangali. A zamanin Turawa da bayansa, idan aka zo rubuta sunayen magidanta, kuɗi za a karɓa. Idan aka zo ƙirga shanu, jangali ne. Sai a 1979 gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali a jihohinsu, amma tsoron bai fita daga zukata ba. A ɗaya ɓangaren kuma, siyasa ta koya wa wasu cewa yawan mutane shi ne yawan rabo, har ƙidayar 1973 sai da aka soke sakamakonta saboda gardama a kan alƙalumma. Saboda haka za ka haɗu da mutum biyu a ƙofar gida: mai ragewa don tsoro, da mai ƙarawa don kwaɗayi. Maganinsu guda ne. A faɗa tun farko, da bakin dagaci da na liman, cewa babu kuɗin da za a karɓa daga kowa, babu kuma buhun shinkafa ko taki da za a raba da wannan takarda. Duk wanda ya yi wa mutane alkawarin tallafi don su buɗe masa ƙofa ya ɓata aikin tun ranar farko.

Masu aikin da lokacin aikin

Ku zaɓi mutum biyu-biyu ga kowace unguwa, namiji da mace. Macen ba ado ba ce a wannan aiki, ita ce ginshiƙinsa. Gidajenmu "ba shiga" ne, namiji iyakarsa zaure, kuma abin da mai gida zai faɗa a zaure rabin labari ne. Ba wai yana ɓoyewa ba. Sau da yawa idan ka ce ya lissafo mutanen gidansa sai ya manta da jaririyar da aka yi suna makon jiya, ko ɗiyar riƙo, ko tsohuwar da ke ɗakin ƙurya. Matan cikin gida ba sa manta waɗannan. Malamar Islamiyya, ungozoma, ko matan da suka saba zagayen rigakafin shan inna sun fi kowa dacewa, don sun san kowane lungu, an kuma saba ganinsu. Kowane mutum biyu kada a ba su fiye da gida arba'in zuwa hamsin. Ina ba da shawarar kada a tura mutum ya ƙirga gidansu ko na surukansa, a musanya da wani.

Lokaci mafi kyau a ƙasarmu shi ne farkon kaka, tsakanin girbin gero da yankan dawa. A lokacin samari ba su tafi ci rani ba tukuna, aikin gona ya ɗan yi sauƙi, hanyoyin ƙananan unguwanni sun bushe. Ku guji kwanakin Sallah, saboda gari cike yake da baƙi. Ku guji ranar kasuwa. Safiya bayan an karya kumallo da kuma bayan la'asar su ne lokutan da ake samun mutane.

Sai ku tsayar da dare ɗaya da za a riƙa auna komai da shi, misali daren Juma'ar farko ta watan. Jaririn da aka haifa bayan wannan dare ba ya shiga, ko da kun tarar da shi ranar da kuka je. Wanda ya rasu bayan wannan dare yana shiga, domin a daren yana raye. Abin yana da ɗan nauyi a zuciya idan aka zo rubuta sunan wanda aka riga aka binne, amma idan ba a yi haka ba, unguwar da aka fara da wadda aka ƙare da ita ba za su zama a kan ma'auni ɗaya ba.

Iyakar gari da lambar gida

Kafin a shiga gida ko ɗaya, ku zauna da masu unguwanni ku yanke inda garin ya tsaya. A nan ake yawan samun matsala. Gidajen gona da ke bayan rafi namu ne ko na maƙwabta? Rugar Fulanin da ta shekara goma sha a gefen daji fa? Tsangayar da ke bakin hanya? Ra'ayina shi ne duk wanda yake shan ruwan rijiyarku, yake kawo mara lafiyarsa ɗakin shan maganinku, yake ƙarƙashin dagacinku, a ƙirga shi. Fulanin ruga su ne aka fi tsallakewa a kowane irin lissafi, alhali yaransu ma suna kamuwa da ƙyanda da zazzaɓi kamar na kowa. A je ta hannun arɗo, da wanda yake jin Fulatanci, kuma kada a kuskura a tambayi yawan shanu.

Ku samu babbar takarda ku zana taswira da hannu. Ba sai ta yi kyau ba. A sa masallacin Juma'a, makaranta, rijiyoyi, kasuwa, maƙabarta, babbar kuka ko tsamiyar da kowa ya sani, sannan lunguna. Daga nan sai a bi gida-gida ana rubuta lamba da alli a jikin bango kusa da ƙofa, a sama inda yara ba za su goge ba. Ku zaɓi wani gefe daban da inda masu rigakafi suke nasu rubutun, don kada a rikita. Kowace unguwa ta samu harafinta: G1, G2, G3 ga unguwar gabas, Y1, Y2 ga ta yamma. Kangon da babu kowa a ciki shi ma a ba shi lamba, a rubuta "kango". Yawan kangaye labari ne da kansa, yana nuna yadda gari yake raguwa.

Gida daban, tukunya daban

Wannan shi ne wurin da na fi so a tsaya a fahimta. A ƙauye, ƙofa ɗaya tana iya ɗauke da mutum arba'in: tsoho da matansa, 'ya'yansa maza uku kowa da sashensa da iyalinsa, ga ƙanwarsa da ta dawo gida bayan rasuwar mijinta. Idan ka rubuta su duka a matsayin iyali ɗaya, lissafin rabon kaya zai cuce su. Idan kuma ka raba kowace mata da ɗakinta a matsayin iyali, ka kumbura adadin.

Ma'aunin shi ne tukunya. Tambayar da za a yi ita ce: "Baba, gidan nan tukunya nawa ake ɗorawa?" Waɗanda suke ci daga rumbu ɗaya, mutum ɗaya ne yake fitar da awo, su ne iyali ɗaya, ko da matan suna karɓa-karɓar girki. Mai mata uku da ke juya girki a tsakaninsu tukunya ɗaya ce. Ɗan da ya fita daga gandu, yana noma gonarsa, matarsa tana dafa nasu daban, ya zama tukunya ta biyu, ko da ƙofarsu ɗaya da mahaifinsa. Sai a rubuta G7/1, G7/2. Inda mutum yake da mata a gidaje biyu, a rubuta shi a inda ya kwana a daren da aka tsayar, ɗaya gidan kuma a sa alama cewa an riga an ƙirga mai gidan a lamba kaza. Maza masu gida biyu su ne aka fi ƙirgawa sau biyu.

Abin da za a rubuta

Littafin makaranta mai layi ya isa. Kowace tukunya shafinta, kowane mutum layinsa. A ja layuka daga sama zuwa ƙasa domin suna, dangantakarsa da mai gida, namiji ko mace, shekaru, matsayin aure, karatun da yake yi ko ya yi (allo, Islamiyya, boko da ajin da ya kai), babbar sana'a, ko yana da takardar haihuwa, sannan ko yana gari ko ya yi tafiya. Kada a wuce haka. Duk tambayar da kuka ƙara tana ƙara gajiya da zargi. Kada a tambayi ƙabila ko addini ko ɗariƙa. Ƙidayar ƙasa ta 2006 ma ba ta tambayi addini da ƙabila ba. Kada a tambayi dukiya, ko buhu nawa aka noma, ko dabba nawa ce a turke. A halin da wasu yankunanmu suke ciki na rashin tsaro, takardar da ta nuna wane ne mai hali a gari tana iya jawo wa mutum bala'i.

A bi tsari wajen lissafo mutane: mai gida, uwargida da 'ya'yanta daga babba zuwa ƙarami, sai ta biyu da nata, har a gama, sannan iyaye tsofaffi, 'yan riƙo, agola, barori, baƙin da suka daɗe. Idan an gama sai mai ƙirga ta yi tambayoyin ƙarshe: "Inna, akwai mai goyo a gidan nan? Akwai jaririn da ba a yi wa suna ba? Akwai mara lafiya a kwance, ko mai lalurar da ba ya fitowa? Akwai amaryar da aka kawo kwanan nan?" Waɗannan tambayoyi huɗu kaɗai suna fito da mutane da yawa da za a rasa.

Sai a kula da alkunya. Uwa ba za ta faɗi sunan ɗan farinta ba, wata ma idan ka ce ta lissafo 'ya'yanta sai ta fara daga na biyu. Ba ta faɗin sunan mijinta, ko na surukinta. Kada a matsa mata. A tambayi kishiyarta ko wata yarinya a gidan. Wasu kuma ba sa son a furta adadin 'ya'yansu saboda tsoron baki. Shi ya sa ba a cewa "'ya'yanki nawa?" A ce "wane ne babba, sai wa, sai wa?" Mai ƙirga ta riƙa sa albarka tana rubutawa, jimlar kuma a bar ta sai an koma gida.

Waɗanda ba sa gari

Ɗan ci ranin da ke tura ruwa a Kano ko yake sayar da shayi a Legas, almajirin da aka kai gabas karatu, ɗalibar makarantar kwana, matar da ta tafi wankan gida garin iyayenta: duk a rubuta su, amma a sa musu alamar tafiya, da inda suke, da tsawon lokacin da suka yi. Ku tsayar da ƙa'ida ɗaya, misali wata shida. Wanda bai kai wata shida da tafiya ba kuma ana sa ran dawowarsa, ɗan gari ne da ya yi tafiya. Wanda ya wuce haka a sa shi a wani shafi daban na 'yan gari mazauna waje. 'Yar da aka aurar wani gari ta fita daga lissafi, ko da iyayenta suna son a sa ta. Almajiran da ke tsangayar garinku kuma a ƙirga su ta hannun malaminsu a shafi na musamman, domin a nan suke kwana, a nan suke shan ruwa. Haka 'yan gudun hijira.

A ƙarshe za ku fito da adadi biyu, na waɗanda suka kwana a gari da na duk 'yan gari har da matafiya. Kowanne da amfaninsa. Na farko shi ake kai wa masu magani, na biyu shi ake dubawa idan ana maganar gonaki da filin gini.

Shekaru

Babu abin da zai ba ku wahala kamar wannan. Ka tambayi tsohuwa shekarunta ta ce ɗari, ka tambayi matashiya mai 'ya'ya uku ta ce sha biyar. Wanda ma ya yi ƙoƙari zai ce talatin, ko arba'in, ko hamsin, ba za ka ji talatin da bakwai ba. Ranar haihuwar da ke jikin katin zaɓe ko na ɗan ƙasa ita ma sau da yawa ƙiyasi ce aka yi a wurin rajista.

Ga yara ƙanana a nemi katin rigakafi ko takardar haihuwa. Idan babu, a tambayi damina nawa yaron ya gani, ko an yaye shi, ko ya fara famfara, wadda takan zo wajen shekara shida zuwa bakwai. Suna ma yana taimakawa wajen gane lokaci cikin shekara: Azumi, Sallau, Marka, Nomau.

Ga manya kuwa, kafin a fara aiki ku zauna da tsofaffi uku ko huɗu ku haɗa jerin abubuwan tarihi da kowa yake tunawa, kowanne da shekararsa. Samun 'yancin kai 1960. Komawa tuƙi ta hannun dama 1972. Fitowar naira da kwabo 1973, wadda ta zo daidai da babban farin 1973 zuwa 1974. Kisan Murtala da fara karatun firamare kyauta na bai ɗaya, duk a 1976. Rikicin Maitatsine a Kano a ƙarshen 1980. Canjin kuɗi da yunwar 1984. Annobar sanƙarau ta 1996. Rasuwar Abacha 1998. Kusufin rana na watan Maris 2006. Rasuwar 'Yar'aduwa 2010. Korona 2020. Mutanen Nijar za su sa hawan Kunce mulki a 1974 da rasuwarsa a 1987, kisan Ba'are a 1999, da ƙarancin abincin 2005. A kan waɗannan sai ku ɗora na garinku, waɗanda suka fi kowanne tasiri: shekarar da aka naɗa dagaci mai ci, shekarar gobarar kasuwa, shekarar da aka haƙa rijiyar murtsatse.

Na ga yadda wata malama ta yi da wata tsohuwa, abin ya burge ni. Ba ta tambaye ta shekaru ba sam. Ta zauna a bakin tabarma ta ce, "Iya, lokacin da aka kashe Murtala kina gidan miji ko kina gida?" Tsohuwar ta ajiye tsintsiyar da take ɗaurewa ta ce ai a lokacin tana goyon na biyu, tana daka aka faɗa a rediyon maƙwabta. Malama ta lissafa: mai goyon na biyu a wancan zamani ba za ta gaza sha takwas ba, ba za ta wuce ashirin da ɗaya ba sosai. Ta sa haihuwarta wajen 1957. Daga nan ta samu shekarun ɗan da ake goyo, ta samu na yayansa, ta kuma samu na wasu mata biyu da tsohuwar ta ce shekara ɗaya aka yi musu aure. Mutum ɗaya idan an gane shekarunsa yakan buɗe na sa'anninsa duka, musamman mazan da aka yi wa kaciya tare.

Haihuwa da rasuwa

A ƙasan kowane shafi a yi tambaya biyu: an haihu a wannan tukunya cikin shekara guda da ta wuce? An yi rasuwa? A sa iyakar da kowa zai gane, kamar daga Babbar Sallar bara zuwa ta bana. Shekarar Musulunci ta gaza ta Turawa da kimanin kwana goma sha ɗaya, amma wannan bambanci bai kai kuskuren da za a samu idan aka ce wa mutane "wata goma sha biyu" ba.

Tambayar rasuwa tana son tausasa harshe. A fara da ta'aziyya. A tambayi shekarun mamacin, idan mace ce mai shekarun haihuwa a tambaya ko tana da ciki, ko wajen haihuwa ne, ko cikin jego. Jaririn da ya zo da rai ya koma kafin suna shi ne aka fi mantawa, don iyaye ba sa son tuna shi. A rubuta shi a haihuwa, a kuma rubuta shi a rasuwa. Ungozoma da wanzami da liman su ne shaidun wannan ɓangare. A gwada abin da aka samu da abin da suka tuna.

Dubawa da haɗa lissafi

Kowane dare masu aiki su haɗu a wuri ɗaya, wani daban ya duba littafin kowa. Idan an gama gari duka, a zaɓi gida ɗaya cikin kowane goma, a tura waɗansu mutum biyu daban su sake ƙirgawa ba tare da sun ga na farko ba. Idan bambancin mutum ɗaya ne ko biyu nan da can, aiki ya yi. Idan wata unguwa ta nuna giɓi babba, a sake ta gaba ɗaya.

Sai a rarraba mutane rukuni-rukuni, maza daban mata daban: ƙasa da shekara ɗaya, ɗaya zuwa huɗu, biyar zuwa sha huɗu, sha biyar zuwa arba'in da tara, hamsin zuwa sittin da huɗu, sittin da biyar zuwa sama. A fitar da 'yan shekara shida zuwa sha ɗaya a gefe saboda firamare. Akwai alamu biyu da za su nuna muku ko kun yi tsallake. A ƙauyukanmu, yaran da ba su kai biyar ba sukan kai kimanin ɗaya cikin biyar na jama'a. Idan kun samu ƙasa da haka sosai, ku koma ku nemi jarirai. Sannan a ko'ina a duniya ana haifar maza kimanin 105 a kan mata 100, don haka idan a cikin ƙananan yara maza sun yi wa mata fintinkau, an manta da 'yan mata ne.

Mu ƙaddara, don misali kawai, kun samu mutum 1,200 a tukunya 150. Kowace tukunya tana ciyar da mutum takwas ke nan. A ce 'yan ƙasa da sha biyar 570 ne, tsofaffi 36, masu shekarun aiki 594. Kusan kowane mai ƙarfi ɗaya yana ɗauke da mutum ɗaya bayan kansa, kuma idan casa'in daga cikinsu suka tafi ci rani, nauyin ya koma kan mata da waɗanda suka rage. A ce an haifi 54 an rasa 15 a shekarar. Raba 54 da 1,200 ka ninka da dubu, ka samu haihuwa 45 a cikin kowane mutum dubu. Ƙaruwar ita ce 39, wato kashi uku da kwata cikin ɗari. Raba 70 da uku da kwata ɗin nan, zai ba ka shekarun da gari zai ninka idan aka ci gaba a haka, wajen shekara ashirin da ɗaya zuwa da biyu. Amma a ƙaramin gari shekara ɗaya ba ta isa a yanke hukunci ba. Shekarar ƙyanda ko kwalara takan karkatar da komai, sai an tara na shekara uku.

Daga nan alƙalumma suke fara magana. Idan 'yan firamare 220 ne, kuma kun ɗauki yara arba'in a aji, kuna buƙatar aji shida, sai ku gwada da waɗanda kuke da su da kuma yawan yaran da suke zuwa a zahiri. Idan kowane mutum zai samu lita 20 ta ruwa a rana, garin yana buƙatar lita 24,000, jarka 960 ke nan mai cin lita 25. Ma'aunin da masu aikin agaji suke bi shi ne famfon tuƙa-tuƙa ɗaya ga mutum 500, don haka uku kuke buƙata. Gidan sauro ana lissafa ɗaya ga mutum biyu, wato 600.

Inda takardun za su zauna

Littattafan da ke ɗauke da sunaye a ɗaure su a leda saboda gara da ruwa, a ajiye a wurin dagaci ko wani amintacce da aka yarda da shi a bainar jama'a. Kada a ɗauki hotonsu a tura a WhatsApp, kada a ba ɗan siyasa. Abin da zai fita waje takarda ɗaya ce mai jimla kawai, babu suna ko ɗaya, da kwanan wata da sa hannun dagaci. A kai kwafi ga hakimi, da ɗakin shan magani, da shugaban makaranta, da ƙaramar hukuma. Kafin a kai ko'ina, a fara karanta ta ga mutanen gari, maza a ƙofar fada, mata a makarantar Islamiyya, domin su suka buɗe ƙofofinsu.

Yaran da aka gano ba su da takardar haihuwa a haɗa adadinsu a kai ofishin Hukumar Ƙidaya, a roƙi a turo mai rajista rana ɗaya ya zauna a gari. Sannan a ba kowane mai unguwa sabon littafi mai shafi huɗu a buɗe: haihuwa, rasuwa, waɗanda suka shigo, waɗanda suka tashi. Ranar suna a rubuta, ranar jana'iza a rubuta, ranar da aka kawo amarya ko aka kai ta a rubuta. Kowace kaka a haɗa littattafan a gyara jimla, bayan shekara biyar kuma a sake bin gida-gida da alli.